Jan Abu Mai Lagwani a Bakin Ƙofata

Ko da zan manta komai na shekarata ta farko a unguwar Soundview, can ƙasar waje, ba zan manta safiyar da na buɗe ƙofa na tarar da wata 'yar roba a ajiye ba. A cikinta akwai wasu busassun abubuwa kamar ƙananan abarba, an tsoma su a jan kakin kyandir, kowanne an naɗe shi da zare har da ɗan lagwani a ka. Ba wanda ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya yi sallama. Lokacin 'yata tana da wata shida, jikinta da zafi, ga kuka, nono ma sai ta kama ta cika. Mun je asibiti, likita ya ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin shi ya fi tayar min da hankali.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san jan abu da zare a ƙofar mai jinya ba gaisuwa ba ce. Na kira babanta yana kan aiki.

"Ke kuwa," ya ce, "wa ya san ki a garin nan da har zai kashe kuɗinsa ya yi miki asiri?"

Na kashe wayar na kira Gwaggona a Kano ta bidiyo, na haska mata robar.

"Matso da ita. Innalillahi! Kin taɓa da hannu?"

"A'a, Gwaggo."

"To maza ki ƙona, 'yar nan, yanzu-yanzu."

Na ɗauki ɗaya da cokali na sa a tsohuwar tukunya, na fitar kan matakalar ƙarfen bayan taga, na kyasta ashana. Nan take ya kama. Iska tana kaɗawa amma ko gezau, sai ci yake bal-bal yana ƙamshin kirfa. Gwaggo tana kallo ta ce, "Kin gani ko? Abin arziki ba ya cin wuta haka."

Ƙamshin nan ne ya tsaya min a rai. Na san shi. Daga ƙofar wata tsohuwa 'yar Puerto Rico da ke samanmu yake fitowa. Na sha ganinta a lambun unguwa tana tsintar abubuwa ƙarƙashin bishiyoyin nan masu ganye kamar allura. Kuma kullum muka haɗu sai ta leƙa fuskar 'yata ta yaba, ko masha Allah babu.

Ban je faɗa ba. Na goya yarinyar, na ɗauki robar na hau sama, niyyata in durƙusa in roƙe ta ta kwance abin da ta ɗaura. Na ƙwanƙwasa ƙofarta.

Tana buɗewa ta ce, "Mami!" ta ja ni har kicin. Ga su nan birjik a kan jarida, ja da kore. Kan risho akwai tukunyar ruwa, a cikinta wani gwangwani cike da narkakkun guntayen kyandir. Ba ma jin yaren juna, sai na nuna robar, na nuna 'yar da ke bayana. Ita kuma ta kumbura kumatu ta hau hura iska, tana fifita da kwali, tana share hawayen ƙarya. Sai da ta maimaita na gane wanda take kwaikwayo: mijina ne, ranar Babbar Sallah a lambu, yana fama da gawayin da ya ƙi kamawa. Har yadda yake dafe ƙugu ba ta bari ba. Ashe abin hura gawayi ne ta kawo mana.

Ta miƙo min wani ɗan awartaki. Na naɗa wa ɗaya zare, na tsoma shi a kakin, na ɗaga ya tsane, na sake tsomawa. Da na yi nufin ɗora gwangwanin kai tsaye kan wuta don ya yi sauri, ta buge min hannu kamar 'yar cikinta. Nawa ya fito a karkace, duk ya yi gudaji.

Ana haka yarinyar ta sa kuka. Tsohuwar ta wanke hannu, ta sa na kwance goyon, ta ja mata leɓe ƙasa, ta kama yatsata ta ɗora a dasashin ƙasa. Wani ɗan abu mai kaifi ya soke ni. Haƙori.

Na zauna kan kujerarta ba tare da an ce in zauna ba, na yi kukan da na kwana biyu ina riƙewa. Ta ba ni shayi. Ban tsaya karanta komai a kai ba na sha.

Abin da ranar ta koya min ke nan: in tsoro ya kama ni, wanda ke bayan bango nake fara tambaya. Kano akwai masoya, amma daga can ba a ganin cikin bakin 'yata.