Ƙosai a Bakin Titin Brazil

Ku matso ku ji abin da idona ya gani yau!

Autata Rahila ce, wadda jami'arsu ta Manchester ta tura Brazil internship, wato koyon aiki. Tun da ta je take kuka, abincinsu ya ƙi ta, wai gida za ta dawo. Ɗazu ina kicin sai ga video call ɗinta.

Ta ce, "Mama, duba nan."

Wata mata ce a bakin titi, da farin ɗankwali, tana suyar ƙosai da manja. Ta tsaga shi ta cusa yaji.

Na ce, "To, maganar dawowa fa?"

Baki cike da ƙosai Rahila ta ce, "Ina! Sai na gama."

Don Allah, wa ya kai musu ƙosai?