Tsohuwa Ce a Bayanka

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina hidimar alhazai tsakanin Jidda da Makka kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da wannan aiki zai amfani wani a filin wasa ba.

Ina da jika, ɗan babban ɗana, wanda Allah ya hore wa jiki. Idan ya tsaya a ƙofar ɗakinmu a unguwar Bani Malik ta Jidda, sai haske ya ɗauke, kakarsa Hajiya ta ce, "Maigidana ya iso, a ɓoye tukunya." Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar da magana Larabci kan riga ta fitowa. Wata Asabar bayan la'asar ya faɗo mana yana haki, yana kirana Jaddi, wato kakana.

"Jaddi, gwiwar mutumin ta sake gocewa!"

Na ce, "Innalillahi. To kai kuma haƙoran me kake nuna mini?"

"La, la, wallahi ba murna nake ba. Amma dai koci ya ce Juma'a za a gwada mu."

Sai da ya sha ruwa na fahimci zancen. Ashe ya daɗe yana zaman jiran tsammani a wata ƙungiya mai biyan 'yan wasanta albashi, masu buga ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano, ƙwallon kuma doguwa kamar gwanda. Akwai gwani guda mai tsayawa a ƙarshen sahu ta hagu, amma gwiwarsa ba ta barinsa ya kai ƙarshen kakar wasa: ya warke ya dawo, ya sake komawa asibiti. Yanzu ƙungiya ta yanke shawarar neman madadinsa, tsakanin jikana da wani saurayi. Wanda ya ci gwaji ya samu aiki da riga. Wanda ya faɗi ya koma gefe.

A ranar ban iya zama ba. Na sa farin taubina, doguwar rigar nan ta Larabawa, na ɗora hula, na nufi majalisarmu ta ƙofar shagon wani tela, abokina tun muna makarantar allo, mutumin da bai taɓa barin maganata ta wuce ba tare da ya rage mata tsawo ba. Na sanar da dattawa cewa jikana ya kusa zama ɗan wasa na sosai, kuma na yi musu alkawarin za su ga ƙwallo a raga har su gaji da lissafi.

Tela ya ɗago ido daga kan keke ya ce, "Wannan ƙaton? Ya shaikh, yadi nawa na ci a taubinsa na salla. In ya yi gudu ai unguwa za ta ji a ƙasa."

"Za ka gani da idonka," in ji ni.

Ranar Litinin na bi yaron zuwa filin da suke atisaye a unguwar Safa, na zauna a sahun gaba kamar babban baƙo. Abin da na fara lura da shi, babu raga. Na biyu, an yi sa'a guda ana wasa hannun jikana bai taɓa ƙwallo ba. Na uku, wanda ya fi yi mini ciwo, wani siririn yaro mai kamar sandar mofa yakan zo da gudu, ya yi masa kwana, ya bar shi yana rungumar iska, ya je ya kayar da mai jefa ƙwallo. Na tashi na tattara taubina na nufi koci, na shaida masa cikin ladabi da Larabci mai kyau cewa ba daidai ba ne a kira ɗan mutane wasan ƙwallo a hana shi ƙwallo. Ya dube ni, ya ce, "Ala rasi, ya ammi," wato na ji, baffa, ya ci gaba da busa usur ɗinsa.

Ina komowa sai na ji an yi mini sallama da Hausa. Wani ƙato ne zaune da sandunan asibiti, ƙafarsa miƙe cikin ƙarfe. Shi ne mai gwiwar, haifaffen unguwar Waziriyya, jikan alhazai irinmu.

"Baba, zauna in nuna maka," in ji shi. "Ka ga mai jifa? In zai jefa, yakan juya wa hagu baya. Ba ya ganin abin da ke zuwa masa. Shugul ɗinmu ke nan, aikinmu. Mu ne idon bayansa. In an kai masa, mun faɗi. In ba a kai masa ba, halas, shi ke nan, mun yi aiki, ko da babu wanda ya san sunanmu."

Na mayar da ido kan filin. Sai dariya ta kuɓuce mini har mutumin ya tsorata. Ai wannan aikina ne! Shekara da shekaru in muka ɗauko tsofaffin alhazai zuwa ɗawafi ko jifan Shaiɗan, ni ake sa wa a gefen da taro ya fi matsowa. Tsohuwa tana gaba da carbinta, idonta a rufe tana addu'a, ba ta san abin da ke tahowa ba, ni kuwa ina tsaye tsakaninta da dubban kafaɗu. Ba a dukan alhaji, ba a cakumar haraminsa, ba a ɗaga masa murya. Duk da haka ba a taɓa kayar mini da tsohuwa ba, kuma har yau a tsaye nake salla, gwiwoyina biyu lafiya lau.

Na ce wa mai sanduna, "Ɗana, na san abin da ke cin gwiwarka ko ban ga wasanka ba. Kana kafe ƙafa kamar turke, ka ce taro ya tsaya. Taro ba ya tsayawa."

Ya sunkuya ya dubi ƙarfen da ke ƙafarsa.

Kashegari da hantsi na buɗe makaranta a saman benenmu. Na kwashe igiyoyin shanya, na ajiye kujera a tsakiya, na roƙi Hajiya ta zauna a matsayin tsohuwar alhajiya.

"A matsayin me?" in ji ta. "Ni ce tsohuwar?"

"Kwaikwayo ne kawai, Hajiya."

"To a ba ni shayina in riƙe. In ya zube a zanena, ku duka ba ku da abincin rana."

Saura taro. Na aika aka kira tela da dattawa biyu na majalisa, na ba kowa matashin jingina ya rungume a ƙirji. Tela ya ce ya zo ne domin ya ga yadda zan kunyata, amma shi ya fi kowa zaɓen matashi mai kauri.

Na tsayar da yaron na karanta masa darasi kamar yadda aka karanta mini. Kada ka tafi tarar mutum, bari ya zo. Lanƙwasa gwiwa, ka sauke ƙugu kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita. Kada ƙafarka ta haye 'yar'uwarta, ja su za ka yi gefe, ɗaya ta bi ɗaya. Kada ka kalli idon mai zuwa, ido yana ruɗi. Kalli cibiyarsa, domin inda ta nufa nan mai ita zai bi. Sannan ka buɗe tafin hannu, ka karɓe shi, ka raka shi ya wuce ta bayan tsohuwa kamar kana nuna wa baƙo hanyar masallaci.

"Yalla, ku taso!" na ce da dattawa.

Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Dattawa uku masu furfura suka taso da gudu irin nasu, silifa na tashi sama, suna kabbara. Yaron ya ji tsoron ya karya wani, ya tsallake ƙafa, tela ya zille ta ƙarƙashin hammatarsa ya dafa kujerar Hajiya yana ihu, "Na kama tsohuwa!" Hajiya ta kai masa mafici a ka. Muka yi dariya har na zauna a kan tankin ruwa ina share hawaye.

"Kai!" na ce da jikana da na samu numfashi. "Tsohuwa ce a bayanka! Kakarka ce! Ka bar tela ya taɓa ta?"

Daga nan fuskarsa ta sauya. Kwana uku muna hawa bene. A rana ta uku tela ya taso da duk ƙarfinsa, yaron ya ja ƙafa gefe, ya ɗora masa tafin hannu a hankali, ya raka shi har cikin kwandon wanki. Shayin Hajiya ko motsi bai yi ba.

Juma'a bayan la'asar muka cika mota biyu zuwa Safa, kowa da farin taubi da turare kamar masu zuwa ɗaurin aure. A hanya na janye alkawarin raga a gaban kowa, na ce musu, "Ku manta da ƙwallo. Ku zuba wa bayan rigar mai jifa ido. Fara ce. In ta tashi fara, mun ci."

Abokin takarar jikana ya fara shiga. Saurayi ne mai ƙarfi, ba zan rage masa ba, amma yakan tafi tarar mutum, kuma siririn nan ya wuce shi ya kai mai jifa ƙasa ba sau ɗaya ba. Aka sauya wa mai jifa riga, aka kira namu. Na ji kamar ranar da aka fara ba ni ayarin alhazai. Aka busa usur. Siriri ya yi kamar zai bi dama, yaron ya kalli idonsa, ƙafa ta haye ƙafa, sai ga mai jifa a ƙasa da koren tabo a kafaɗa. Koci ya rubuta wani abu a takardarsa. Tela ya kama hannuna ya matse.

Ni mutum ne da ba a san shi da ɗaga murya a bainar jama'a ba. Amma a ranar na miƙe, na kewaye bakina da hannu biyu, na kwarara da Hausa har ƙarshen fili:

"Tsohuwa ce a bayanka!"

Dattawa suka miƙe suka amsa gaba ɗaya, "Tsohuwa ce a bayanka!" Mai sanduna ma, daga bencinsa, ya ɗaga sanda sama ya shiga cikinmu. Na hango hular kwanon yaron ta juyo wajenmu, sannan na ga ƙugunsa ya sauka.

Siriri ya sake tasowa. Yaron ya ja gefe, ya karɓe shi, ya raka shi can nesa kamar mai rakiyar suruki. Ya sake zuwa ta ciki, aka raka shi. Ya zo da juyi, aka raka shi. Duk lokacin da ƙwallo ta tashi sama sauran 'yan kallo sukan bi ta da ido, mu kuwa muna kallon bayan riga muna tafi domin babu abin da ya same ta. Tela ya hau kan benci, hularsa a hannu, yana gaya wa wasu Larabawa da bai sani ba, "Ni na horar da shi! Ni ya jefa a kwando!"

Da aka tashi, tabon nan guda ɗaya ne a rigar, bai samu ɗan'uwa ba. Koci ya kira jikana gefe, ya yi masa magana kaɗan, ya dafa kafaɗarsa. Yaron ya taho da gudu, kuma gaskiyar tela, ƙasa ta ji. Ya ɗaga ni sama ɗungurungum a gaban jama'a yana cewa, "Jaddi, sun ɗauke ni! Sun ɗauke ni!"

"Sauke ni, marar kunya," na ce, amma ban so ya sauke ni da wuri ba.

Mai jifa, wani Balarabe mai fara'a, ya zo ya sumbaci kaina, ya tambayi ma'anar maganar da muke ta rerawa. Na so in sassauta fassarar, amma tela ya riga ni, ya gaya masa dalla-dalla. Mutumin ya yi dariya har ya durƙusa, ya ce ya yarda ya zama tsohuwa muddin ƙaton nan ne a bayansa.

Muna shirin shiga mota mai sanduna ya ƙaraso yana ɗingishi. Ya yi wa jikana mabruk, wato barka, ya rungume shi da hannu ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce da ni, "Baba, in an cire mini ƙarfen nan, zan iya hawowa benen?"

Na dubi jikana, domin in mutumin ya warke, rigar da aka ba yaron ce zai iya dawowa nema. Ya ce, "Ya zo, Jaddi. Ai sahu yana da gefen dama ma."

Da muka isa gida na ba Hajiya labari tun daga farko, har na kai ga cewa za a samu sabon ɗalibi. Ta ce ta ji, ta yi murna, maigidanta kuma yau tukunya tasa ce shi kaɗai. Amma in za a sake hawa bene, tela ya zauna a kujerar, ita a ba ta matashi.