Murhun da Hamani Ya Zaɓa

Hamani mutumin Dogon Dutse ne, direban babbar mota, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ya zo Amurka yana saurayi, ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya ja tasi a Washington har gwiwoyinsa suka soma ƙara, sannan ya koma dakon kaya tsakanin Baltimore da Richmond. Ya daɗe a gidan haya a Landover shi da matarsa Ramatou kafin su sayi wani tsohon gida a Clinton. A bangon falon akwai murhun jin ɗumi na bulo, mai bututun hayaƙi har saman rufi. Ba su taɓa hura shi ba, hotunan yara Ramatou ta jera a kansa.

Bayan rasuwar mahaifinsa, Hamani ya yi ta fama da takardu har mahaifiyarsa, Inna Balkissa, ta samu izinin zama. Burinsa ɗaya ne, ta ƙare kwanakinta a gabansa, kusa da likita. Ita kuwa tun a filin jirgi ta ce gani ta zo yi.

Watannin farko a bakin taga ta yi su. Lantarki ke dafa abinci, inji ke wanki, jikoki suna jin Hausa amma da Turanci suke amsa mata. Da sanyi ya soma shiga, sai ta leƙa ramin bangon nan ta tambaya ko na ado ne. Aka kira mai share bututu, aka sayo itace, ita ta hura da hannunta.

Daga ranar Inna ta samu abin yi. Da safe ta tone toka ta tarar da garwashin jiya da ransa, ta durƙusa ta hura shi ba ashana. Ta gasa dankali da gyaɗa, jikoki su dawo makaranta su kewaye ta, don gyaɗa ba ta neman tafinta. Ta ɗebi garwashi a kasko ta zuba turaren wuta ta zaga ɗakuna, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihunta har ta gaji. Ko tokar ba ta zubarwa, tace ta take yi don miyar kuɓewa.

Hamani wani abu daban yake gani. Murhun cin itace kawai ya iya, zafin duk bututu yake bi ya fice. Wanda ya zauna gabansa fuska na gasuwa, baya na daskarewa, ɗakunan sama kuwa ƙara sanyi suke yi in an hura shi. Ga tari da ya kama Inna, ga ta tana ɗauko itace daga bayan gida a kan santsin ƙanƙara. Da ya ji ta ce wa wata a waya, "Sanyin ƙasarga ba na mutane ba ne," hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya yanke cewa sanyi ne zai mayar da ita gida, kuma sanyi abu ne da ake gyarawa.

Ran Asabar ya ɗauki Ramatou suka je wani shagon murhuna a Beltsville. Mai shagon ya nuna musu iri biyu. Na farko na baƙin ƙarfe ne, yana tsayawa a gaban ramin, itace ake sa masa, samansa shimfiɗe har a ɗora buta. Yana riƙe zafi sosai, sai dai yana son mai kula da shi. Na biyun cikin ramin ake tura shi a rufe da gilashi, a zuba masa ƙwayoyin garin katako masu kama da abincin kaji, shi zai riƙa ciyar da kansa. Maɓalli ɗaya ake dannawa.

"Ka tambayi Inna mana," in ji Ramatou.

"Wa ke tambayar uwa ko tana son hutawa?" Hamani ya ce, ya nuna na biyun.

Gaskiya murhun ya yi aiki. Ɗumi ya kai har bene, tari ya tafi, ƙararrawa ta yi shiru. Hamani ya haɗa da kaskon turare na lantarki, don kada a ce ya manta da wani abu. Inna ta sa masa albarka, ta taɓa gilashin da ɗan yatsa ta janye. Yara suka koma ɗakunansu, tunda yanzu ko'ina da ɗumi. Ita kuma ta ja kujerarta ta mayar bakin taga.

Da itatuwa suka soma toho ta kira shi ta ce ya nema mata jirgi.

"Inna, mi ya rage? Ba sanyi yanzu."

"Babu, Allah shi yi ma albarka. Amma wagga wuta taka ba ta buƙatar kowa."

Ya ce gobe-goben nan zai sa a cire a kawo na itace. Ta ce kul, kada ya ɓata abu mai kyau saboda tsohuwa, yaransa na jin daɗinsa. Ya roƙa, ya sa Ramatou ta roƙa. Inna ba ta gardama, ta dai ci gaba da ninke zannuwanta.

Hamani na nan a Clinton, yana dakonsa, kuma har yau in aka tambaye shi yakan ce murhun ba shi da aibu. Duk Lahadi yana kiran Inna can gida ta bidiyo. A sanyin da ya wuce ya same ta tsakar gida a durƙushe gaban duwatsu uku, hayaƙi na sa ta hawaye, tarin ya dawo, tana ba shi labarin wa ya haihu wa ya yi aure. Yana cikin tambayarta maganin hawan jini ta katse shi.

"Dakata, wutata za ta mutuwa."

Ta ajiye wayar a ƙasa. Hamani ya zauna a falonsa mai ɗumi da 'yar singileti, yana kallon sararin samaniyar Dogon Dutse a tafin hannunsa, yana jin ta tana hurawa.