Ɓeran Masar da Tukunyar Surukata

A shekarar da 'yata ta cika tara muka samu ɓerayen Masar guda biyu a gidanmu na unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa. Wata abokiyar aikina ce za ta bar garin, ta rasa inda za ta kai su, ni kuma bakina ya suɓuce na faɗa a gaban yarinyar. Ɗaya fari ne sol, ɗayan ruwan ƙasa mai farin goshi. Muka ajiye kejinsu a falo, 'yata ta ɗauki nauyin shara da ba su busasshiyar ciyawa.

Daf da Kirsimeti surukata ta zo daga ƙauyensu na wajen Kafanchan don ta zauna da mu har sanyi ya wuce. Ko jakarta ba ta kwance ba ta hango kejin. Ta sa hannu ta ɗauko farin, ta jinjina shi a tafinta, ta matsa cinyarsa da yatsa, sannan ta ce wannan kam ya isa yanka. Dariya muka yi ni da mijina, don mu ma da naman ɓeran Masar muka girma, kowace uwa tana da su a kicin suna yawo gefen murhu. 'Yata ba ta yi dariya ba. Turanci take amsa mana da shi, amma babu kalmar Hausa da ke wuce kunnenta.

Daga ranar yarinyar ta sa wa kakarta ido. In ta dawo makaranta, kafin ta cire takalmi sai ta leƙa kejin. Ni ma a hankali abin ya shige ni, don na lura Mama, kamar yadda muke kiran surukar tawa, ta fi kowa ciyar da su. Ganyen kabeji, ɓawon karas, guntun kokwamba, duk ba ta bari a zubar. Tana ba su tana shafa cikinsu tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Na san irin wannan kulawar, ita ake yi wa zakaran da aka ware wa biki.

Sanyin shekarar ya zo da ƙarfi. Gininmu tsoho ne, iska na shigowa ta gefen taga kamar ana hura ta da mafici, su kuma waɗannan dabbobi ba sa jure iska mai sanyi, da sun sha ta sai mura. Na toshe gefen tagar da tsummoki, na ɗora kejin a kan tebur don ya bar sanyin ƙasa, na rufe rabinsa da bargo. Ruwan shansu kuwa kullum sai an taɓa a ji ko ya yi sanyi da yawa.

Sai aka yi wata dusar ƙanƙara mai yawa a watan Janairu. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, wadda za ta karɓe ni ta kasa fitowa, dole na zarce na kwana a can. A waya mijina ya gaya mini cewa injin ɗumama ginin ya tsaya, ya kai yarinyar ɗakin maƙwabciyarmu, wata 'yar Gana mai hitar lantarki ta ɗumama ɗaki, amma Mama ta ce ita ba inda za ta je. Shi kuma direban bas ne, da asuba ya fita.

Da hantsi na iso, na hau tudun unguwarmu ina nutsewa har gwiwa. Ina buɗe ƙofa ƙamshin farfesu ya tare ni. Kejin ba ya falo. A kicin na same shi, an ajiye a ƙasa kusa da murhu, mai ruwan ƙasa ya dunƙule cikin ciyawa shi kaɗai. Na ɗaga bargon, na ɗaga ɗan akwatin da suke ɓuya, babu farin. A kan wuta ga tukunya tana tafasa a hankali.

Mama na zaune a kujera da rigar sanyi biyu da hular mijina. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi aiki, na tambayi yadda ta kwana da sanyi. Suruka ba a yi mata tambaya kai tsaye, don haka na kewaya, na ce na ga an kawo kejin kicin. Ta ce falon ya zama firji, shi ya sa. Na ce ɗaya na gani.

"Yana nan," ta ce, ba ta dube ni ba.

Ta miƙe ta shiga banɗaki, ni kuma na buɗe tukunyar. Nama ne an yanka ƙanana-ƙanana, ƙasusuwan sirara, romo ya yi ja da barkono. Na juya da ludayi ina neman fiffike ko wani abin da zai ce mini kaza ce, ban gane komai ba. Na buɗe firji, akwai ragowar kaza a leda, amma na kasa tuna yawan da na bari. Na buɗe kwandon shara, an kwashe an sa sabuwar leda. Mama ba ta taɓa fitar da shara ba tun zuwanta, tsoron matakalar take. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Na kira mijina, bai ɗauka ba. Ina tsaye da wayar sai zargin ya koma kansa. Shi ne ya sha cewa dabbobin na sa shi atishawa, kuma shi kaɗai zai iya sauka da shara. Na ce a raina ko da bakinsa aka yi, uwa ta dafa ɗa ya kwashe shaida.

Ana cikin haka maƙwabciyar ta rako 'yata. Yarinyar ta wuce mu zuwa kejin, ta duba, ta dubi tukunya, ta dubi kakarta da ta fito tana goge hannu. Ba ta yi kuka ba. Da Hausarta mai tauri, wadda ban cika jin ta yi ba, ta ce, "Kaka, kin cinye shi?"

Na daka mata tsawa, amma Mama ba ita take kallo ba. Ludayin da ke hannuna take kallo, da murfin tukunyar da na manta ban mayar ba.

"Ke ma abin da kike nema ke nan a ciki?" ta tambaye ni.

Na mayar da murfin. Ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa. Maƙwabciyar ta ce bari ta je ta duba abin da ta ɗora, ta sulale.

Yinin nan babu wanda ya taɓa farfesun. 'Yata ta zauna gaban kejin da mai ruwan ƙasa a cinyarta cikin tawul. Na bincika ƙarƙashin gado da kujeru da bayan firji, rabin zuciyata na nema, rabi na cewa aikin banza nake. Na ƙwanƙwasa wa Mama da shayi, ta ce na ajiye a ƙofa.

Wajen la'asar ƙarfen ɗumama ɗaki ya fara ƙwanƙwasa, alamar an gyara injin. Na ciro ledar latas daga firji don na ba wanda ya rage. Su dai da sun ji motsin leda sai su hau tsuwa. Na cinyar 'yata ya fara, sai muka ji wata tsuwar ta amsa, siririya, daga ƙarƙashin kabad ɗin wanke-wanke. Akwai wata kafa a wurin da bututu ya shiga bango, ban taɓa lura da ita ba. Muka ajiye ganye a bakin, muka ja baya muka yi tsit. Ya daɗe kafin ya leƙo, farin gashinsa ya koma toka-toka, hancinsa na yoyo.

Sai da mijina ya dawo ya shiga wurin Mama muka ji yadda aka yi. Da sanyi ya tsananta ta ja kejin zuwa kicin ita kaɗai, ƙofar kejin ta buɗe, farin ya zille. Ta yi ta rarrafe da gwiwoyinta masu ciwo tana nema ba ta gan shi ba. Kunya ta hana ta faɗa, ta yi niyyar gano shi kafin yarinyar ta dawo. Farfesun kaza ne, ta ɗora don wuta ta ɗumama musu kicin ɗin, ni kuma na sha in na dawo. Sharar mijina ne ya sauka da ita da zai fita, bai san komai ba. Ya tambaye ta me ya sa ba ta yi bayani ba da aka tambaye ta. Ta ce wanda ya riga ya leƙa tukunyarta ba bayani yake nema ba.

Na shiga na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke nuna akwai komai. 'Yata ma ta ba da haƙuri don na sa ta, amma da muka fito ta raɗa mini cewa ai Kaka ce ta fara cewa ya isa yanka.

Washegari farin ya ƙi cin abinci, numfashinsa na ƙara. Na samu wani likitan dabbobi a unguwar Soundview, na shirya kwali da tawul da gorar ruwan ɗumi. Ina sa takalmi sai ga Mama ta fito cikin babban kwat ɗin mijina, ta karɓi kwalin daga hannuna, ta tura shi cikin kwat ɗin ta rungume. Ita da ke tsoron matakala ta riga ni sauka. A tashar bas muka tsaya iska na yankar fuska, ni a nan ita a can. Da bas ɗin ta zo na miƙa hannu zan taimaka mata ta hau, ta ce na riƙe jakata, ita za ta iya.