Safiyatu, riƙon da kika bar mini ya tafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran matata Safiyatu a gidanmu da ke Fegge, cikin Onitsha, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekara ashirin da bakwai muna tare. Mutane sun yi ta zuwa gaisuwa, ni kuwa bakina ya kasa komai sai amin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Safiyatu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Shekara goma sha tara muka yi mu biyu a ɗaki da falo, kuma duk sunan da aka yi a unguwa ke ce kan gaba wajen tuƙa tuwo. In kin dawo sai ki zauna bakin gado, ni kuma in kunna rediyo don ban san abin da zan ce ba. Na yi miki rowar magana a shekarun nan, ina roƙon ki yafe mini.

Sai ga maganar Raihana. Mahaifinta Muhyiddeen maƙwabcin rumfata ne a kasuwar Ose, inda muke sayar da albasa. Ya rasu a hatsarin mota a hanyar Lokoja, uwarta ta bi shi bayan wata biyar. Yarinya tana shekara biyu, danginta suna can Aliero, baffanta Sagiru ko aure bai yi ba. Limaminmu Malam Nasidi ya tambaye ni ko za mu riƙe ta. Na ce sai na yi shawara. Da na faɗa miki a gida, ban rufe baki ba kika ɗauko mayafi.

Ba mu san komai game da yara ba, daga ni har ke. Kwana biyu kina gwada goyo da matashin kai, yana zamewa, kina hararata don na yi dariya. Ni da na tashi nuna gwaninta na sayo mata takalmin da sai da ta shekara biyar ya yi mata daidai. Satin farko ba ta yarda da kowa ba, ta ƙanƙame ƙafar kujera tana kiran uwarta. Kika zauna a ƙasa kusa da ita da kofin kunu, ba ki taɓa ta ba, har ranar da ta matso don kanta.

Sau ɗaya muka yi saɓani a kanta. Ranar da za a sa ta makaranta, malamar ta tambayi sunan uba, na buɗe baki zan ce Salisu. Kika riga ni, kika ce Muhyiddeen. Na yi fushi ƙwarai har muka iso gida. A nan kika ce, "Alhaji, riƙo Allah Ya ba mu, ba haihuwa ba. Kada mu ƙwace wa mamaci 'yarsa."

Kuma ba ki tsaya nan ba. Kowace babbar Sallah sai kin kai ta Aliero ta ga danginta, tafiyar kwana da yini a mota. Ni da so samu ne su manta da mu, mu manta da su. Kin san haka, ba ki taɓa goranta mini ba.

To, ba su manta ba. Sagiru ya zo sadakar bakwai, yanzu magidanci ne da 'ya'ya uku. Da aka watse ya zauna gabana tare da Malam Nasidi, ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce, "Alhaji, ba don ka gaza ba ne. Yarinya ta shekara goma, gidan babu mace, kai kuma ba muharraminta ba ne." Na dubi Malam ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai. Ba ni da hujja, domin gaskiyar da kika faɗa mini a ranar makaranta ita ce ya maimaita. Na roƙi a bar ta zuwa arba'in, ya amince.

Kwanakin nan na koyi dafa shinkafa, ita tana gyara mini gishiri. Kitso kuwa maƙwabciyarmu ce ta taimaka. Mukan ci abinci mu biyu, kowa na kauce wa kallon inda kike zama.

Da arba'in ta cika Sagiru ya dawo ɗaukarta, jiya da safe na raka su tasha. Na riƙe jakarta har sai da direba ya yi magana. Ta leƙo ta taga ta ce da Turancin buroka, "Baba, no cry, zan zo hutu." Na ce to. Na hau okada, wato acaɓa, na dawo, na buɗe ƙofa, na yi sallama bisa sabo. Kewa ta ishe ni, Safiyatu, kuma ban ga laifinki ba. Kin mayar da amana yadda aka ba ki, da sunanta da danginta, babu abin da ya ɓace.

Ya Allah Ka gafarta wa Safiyatu, Ka haskaka kabarinta, Ka sa rainon marainiyar nan ya zame mata inuwa ranar da babu inuwa. Ka haɗa ta da iyayen Raihana a Aljanna, ta ba su labarin 'yarsu. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan'uwanta, da matan Fegge da suka yi jinyarta, da Raihana wadda ta rasa uwa karo na biyu. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuwa, duk wanda zai zo mini gaisuwa, ya yi mini ta mutum biyu.

Salisu Gimba
Fegge, Onitsha