Kati Biyu, Suna Ɗaya

Rabe Mai Kati maƙwabcina ne a Jekadafari. Cinikin auduga ya kawo iyayensa Gombe daga Katsina. Shi kuwa da ya gama elemantare sai ya sami aiki a wani ƙaramin asibiti, inda ya shekara ashirin da biyu a bayan taga yana rubuta sunayen marasa lafiya. Rubutunsa kamar tsuntsaye sun jeru a kan reshe.

Mutum ne mai kara. Ya san mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, balle Bafulatana. In ya tambaya ta sunkuyar da kai, ba ya matsa mata. Sai ya ce, "To, ke yaya ake kiranki?" Ya rubuta ɗan wance, shi ke nan. Mata suka yi ta sa masa albarka.

A shekarar da aka bar fam aka koma naira, wata safiya mata biyu suka zo da 'ya'yansu na fari. Kowacce ta ce Dada ake ce mata. Rabe ya rubuta "Ɗan Dada" sau biyu. Yaron farko ƙurji ne a ƙafarsa, likita ya rubuta masa allurar fenisilin. Na biyu zazzaɓi yake yi, kuma likita ya ja jan layi a katinsa, domin an taɓa yi masa wannan allurar ya kumbura.

Sista Lois, mai yin allura, mutuniyar Kaltungo, ta leƙo da katin farko ta kira, "Ɗan Dada!" Uwar yaro na biyu ce ta fi kusa da ƙofa, ita ta tashi. Aka yi wa ɗanta allurar. Kafin azahar yaron ya cika.

Ubansa, Joda, makiyayi ne. Ya ce kwana ne ya ƙare, ya ɗauki ɗansa, bai tuhumi kowa ba. Amma ƙa'ida ce a aika wa hukuma rahoto. Washegari Lois ta tsaya a bakin taga, idonta jajir.

"Malam Rabe, ba ni katin yaron da ya rasu. Zan haɗa biyun da rahoto."

"Sista, uban ma ya haƙura. Abin da Allah ya rufe, ke ce za ki tone?"

"Kai Bakatsine, ba korarka nake nema ba. Gobe wata Dada za ta tashi in an kira."

"Bari in duba."

Katin yana aljihun rigarsa. Ya tuna da aikinsa, ya tuna da bakin mutane, ya ce bai gan shi ba. Lois ta rubuta gaskiya, amma rahoton ya tafi da kati ɗaya. Da masu bincike suka tambaye shi, ya ce ba ya tuna an yi suna biyu iri ɗaya. Suka rubuta sakaci, aka sallami Lois.

Daga ranar Rabe ya canza. Sai da sunan yanka da na uba yake ba da kati.

"Haba Malam, ba ka da kunya?" in ji matan.

"Na sayar. Kira maƙwabciyarki ta faɗa mini."

Sai dai gyaran bai wuce tagarsa ba. Da katin ya bi rahoton, wataƙila da an gargaɗi sauran asibitoci.

Bayan ya bar aiki, ya shiga mota zuwa Kaltungo da katin a aljihu. Ya tarar Lois ta yi damina biyu a kabari. 'Yarta ta kawo masa ruwa, ta ce, "Baba, ka san Mama a wurin aiki?" Ya ce ya santa. Ya sha ruwan, ya dawo da katinsa.

Ni ya nuna wa, a zaurensa, da hantsi. Takardar ta yi ruwan ƙasa, jan layin bai dushe ba. Na ce ya roƙi gafara, Allah mai rahama ne.

"Kullum ina yi," ya ce. "Ita Lois ina kiran sunanta a addu'a. Yaron ne har yau ban san sunansa ba."