Gubar Gwaggo Tabawa ba ta huda gida

Shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Tabawa, ƙanwar babanmu, kuma har yau mutanen garinmu Maijirgi ba su gane ta ba. Cewa suke bakinta bai bar kowa ba. Ƙarya ne. Na waje ne bai bari ba. A ɗakinta na tashi, ban taɓa jin ta zagi ɗan gida ba.

A kasuwa, inda take sayar da daddawa, in ta buɗe baki ko mai amalanke sauya hanya yake. Amma in ɗayanmu ya ɓata mata rai a gida, sai ta cika baki da goro, ta gyara zane, ta wuce zaure. Jakin Baba da ke ɗaure a ƙofa shi ke shan zagin: "Kai, mai kunnuwan banza! Kai ka bar hura a buɗe?" Ta dawo ciki tana murmushi.

Sai da na shiga lise, babbar sakandare, na fahimci abin. Mushenmu, wato malaminmu na kimiyya, ya ce akwai ƙwayoyin cuta masu yin gubar da ke huda fatar wasu ƙwayoyin har cikinsu ya tsiyaye. Na ce, "Mushe, to su me ya hana ta huda su?" Ya ce a cikinsu gubar gunduwa-gunduwa take, ba ta aiki. Sai ta fita ta tarar da bangon wani take haɗuwa, ta zama zobe, ta yi rami. Wasu ma suna ajiye abin toshewa a jikinsu, ko da za ta juyo. A gefen kaye, littafin darasina, na rubuta: Gwaggo.

Ana cewa ni na gaje ta. Bakin na gada, dabarar ta wuce ni. Sati uku ke nan, bayan sunan ɗiyar Yaya Rabi, na tura murya a gurup ɗin danginmu na waya, na ce miyar sunan kamar ruwan wankin tukunya. Ashe surukanta na ciki. Tun ranar Yaya Rabi ba ta ɗaga wayata, ita da ta goye ni.

Da Gwaggo na nan, wayar za ta juya ta ce, "Ke, wanga abu ba shi da zaure?" Allah ya jiƙanta. Ni ko ƙwayar cuta ta fi ni hankali.

Gobe zan hau mota zuwa Attantane, in durƙusa gaban Yaya Rabi in ce ta yafe mini. Miyar dai babu gishiri. Amma wannan zancen zai zauna a cikina har motar ta baro garin.